Albatross: Jirgin Yaƙin da Cikinsa Ya Fi Bindigoginsa Amfani

Ranar 5 ga Disamba 1949 wani jirgin fasinja ya shigo tashar Sidni ta ƙasar Ostireliya ɗauke da mutum kimanin 1,000, dukkansu 'yan gudun hijira da yaƙin duniya na biyu ya raba da gidajensu a Turai. Sunan da ke rubuce a jikinsa Hellenic Prince. Amma duk tsohon maƙeri ko leburan da ya taɓa aiki a tsibirin Cockatoo, nan cikin tashar, da ya ɗaga ido zai shaida shi, ko fenti nawa aka shafa masa. Ƙirarsa ba ta ɓuya: gaba a tashe kamar bene, inji da ɗakin tuƙi duk an tura su can baya. Su suka ƙera shi da hannunsu shekara 20 da ɗoriya kafin wannan rana, lokacin yana jirgin yaƙi mai suna Albatross, sunan wani ƙaton tsuntsun teku mai dogayen fukafukai.

Ba ya cikin jiragen da ake ba da labarin gumurzunsu. Abin da ya ja ni gare shi shi ne, tun ranar da aka fara aiki da shi bai taɓa dacewa sosai da aikin da aka ƙera shi dominsa ba, amma ya yi shekara 25 a kan ruwa, kuma duk lokacin da aka ce nasa ya ƙare sai wata sabuwar buƙata ta taso a waiwaye shi. Dalilin haka yana cikin ƙirar tasa, kuma sai an san irin jirgin da yake kafin a gane.

A farkon zamanin jirgin sama, filin sauka shi ne babban ciwon kai. Jirgi na son doguwar hanya shimfiɗaɗɗiya, sojan ruwa kuwa aikinsa a tsakiyar teku yake. Sai masu dabara suka ce ai ruwan ma fili ne. Aka ƙera jiragen sama masu tashi da sauka a kan ruwa, iri biyu: wani an cire masa tayoyi an sa masa abu kamar ƙananan kwale-kwale biyu a ƙafa, wani kuma cikinsa ne gaba ɗaya aka yi shi kamar kwale-kwale, aka ɗora fukafukai a sama. To amma jirgin da ya sauka a ruwa yana buƙatar mai, da makaniki, da harsashi, da wurin da matuƙinsa zai kwana. Daga nan aka samu jirgin ruwan da zan kira uwar jirage. Tana ɗauke da su a cikinta ko a bayanta, ta sauke su kan ruwa da ƙugiya su tashi, in sun dawo ta sake ɗaga su. Bambancinta da babban jirgin dakon jiragen sama da ake gani a labarai a yau shi ne ba ta da shimfiɗaɗɗen bene da jirgi zai yi gudu a kai ya tashi ko ya sauka.

Faransa ce ta fara, da wani jirgi mai suna Foudre a 1911. A 1914 Japan ta yi amfani da Wakamiya ta kai wa Jamusawa hari ta sama a Tsingtao da ke gaɓar ƙasar Sin, Ingila kuma ta kai hari Cuxhaven ranar Kirsimeti ta wannan shekara da irin waɗannan jirage. Sai dai tun a wancan yaƙi aka ga aibinsu. Dole uwa ta tsaya cik kafin ta sauke ɗanta ko ta ɗauke shi, jirgin da ya tsaya a tsakiyar teku kuwa nama ne ga jirgin ƙarƙashin ruwa. In teku ta yi fushi babu tashi babu sauka. Ga kuma nauyin kwale-kwalen da ke sa jirgin saman ya zama mai nawa idan aka kwatanta shi da mai taya. Kafin shekarar 1925 Ingila da Amurka da Japan duk sun mallaki jirage masu shimfiɗaɗɗen bene. Ke nan lokacin da Ostireliya ta yanke shawarar ƙera uwar jirage, kasuwar ta riga ta fara watsewa.

Me ya kai ta? Siyasa, da kuma aljihu. Yarjejeniyar Washinton ta 1922 ta ƙayyade yawan manyan jiragen yaƙin da kowace daula za ta riƙe, kuma an lissafa Ostireliya a cikin kason Birtaniya. Saboda haka a watan Afrilu 1924 ta ja babban jirgin yaƙinta mai sunan ƙasar zuwa wajen Sidni ta nutsar da shi da kanta. Gwamnatin Firaminista Stanley Bruce ta tsara sayen sababbin jirage, ciki har da manya biyu masu gudu irin waɗanda ake kira kuruza. Da aka buga lissafi sai aka ga ƙera su a Sikotilan ya fi araha nesa ba kusa ba, aka ba kamfanin John Brown kwangilar. Nan fa 'yan adawa na jam'iyyar Leba da ƙungiyoyin ƙwadago suka tayar da ƙura: ga maƙerar Cockatoo a gida, ga mutane ba aiki, a kwashi kuɗin ƙasa a kai wa Turawan Ingila? Don a share musu hawaye aka sanar a 1925 cewa za a ƙera uwar jirage a gida. Sanarwar ta zo wa rundunar sojan ruwa da ta sojan sama ba zato, su da za su yi aiki da jirgin.

An nemi Ingila ta zana jirgin da bai wuce fam 400,000 ba in a can za a ƙera shi. Da aka gama shi a Sidni ya lashe kimanin fam 1,200,000. Mai son zagi ya samu abin faɗa. Ni dai ba na ganin wauta ce zalla. Babban jirgi mai bene ya fi ƙarfin Ostireliya ta wancan lokaci, kuɗinsa da yawan mutanen da zai ci. Arewacinta kuma tsibirai ne birjik, su Niu Gini da maƙwabtanta, inda babu filin jirgin sama ko ɗaya na kirki amma akwai lungunan ruwa masu kwanciya. A irin wannan wuri uwar jirage tana da ma'ana. Sannan maƙera tana mutuwa in ba a hura wutarta, kuma wannan maƙera ta Cockatoo da aka raya ita ce ta zama babban wurin gyaran jiragen Birtaniya da ƙawayenta a yankin bayan da Singafo ta faɗa hannun Japan a 1942.

An fara ƙirar a watan Afrilu 1926, aka tura shi ruwa ranar 23 ga Fabrairu 1928, ya fara aiki ranar 23 ga Janairu 1929. Tsawonsa kimanin mita 135, nauyinsa tan 4,800, gudunsa wajen kilomita 40 a awa. Yana da manyan bindigogi huɗu, da mutum kusan 450 in an haɗa da na rundunar sojan sama, domin jiragen saman da matuƙansu nata ne. Abin da ya bambanta shi shi ne rabin gabansa. Maimakon a jera jiragen sama a waje iska da gishiri su ci su, sai aka yi musu manyan ɗakuna uku a cikin gangar jikin jirgin, masu cin jirage tara, shida na aiki uku na ajiya, aka kafa ƙugiyoyi uku na ɗaga su. Wannan ƙaton ciki shi ya sa gabansa ya tashi sama haka, shi ya kori inji da wurin kwanan mutane zuwa baya. A riƙe maganar cikin nan da ƙugiyoyin, don su ne za su yi ta ceton jirgin.

Matsala ta farko ta ɓullo tun bai bar gida ba. An auna ɗakunan ne da wani jirgin sama mai suna Fairey IIID, sai ga shi an yi wa wannan jirgi ritaya dab da lokacin da Albatross zai fara aiki. An ɗinka riga, mai rigar ya tafi. Aka kawo Seagull III a madadinsa, mai jikin katako, wanda ba zai jure a cilla shi da majaujawa ba. Majaujawar nan wata na'ura ce mai dogon layin ƙarfe da ake ɗora jirgin sama a kai a harba shi sama da ƙarfi, don kada uwa ta tsaya. Tun da ba hali, kowane tashi sai an tsayar da jirgi an sauke da ƙugiya, irin na 1914.

Ostireliya ta rubuta irin jirgin da take so ta aika wa kamfanin Supermarine a Ingila. Mai zanen kamfanin, R. J. Mitchell, wanda daga baya ya zana shahararren jirgin yaƙin nan Spitfire, ya fito da Seagull V, mai jikin ƙarfe, mai jure majaujawa, mai sauka a ruwa da tudu. Ya fara tashi a watan Yuni 1933. Albatross kuwa an riga an jingine shi tun 26 ga Afrilu na wannan shekara, wata biyu kafin nan, saboda karayar tattalin arzikin duniya ta hana gwamnati kuɗin man da za ta zuba masa. Da sababbin jiragen suka iso kuma sai aka tarar tsayinsu ya yi wa ɗakunan yawa, sai an naɗe musu tayoyi an ɗora su kan wasu 'yan kekuna kafin a iya juya su a ciki. Abin dariyar shi ne wannan jirgi da aka zana don Albatross shi ne rundunar ruwan Ingila ta gani ta yaba, ta sa masa suna Walrus, aka ƙera sama da 700. Ɗan ya yi suna, uwar tana ɗaure a tashar Sidni shekara biyar.

A 1938 ya zama kuɗin ciko. Ostireliya na son sayen wani kuruza daga Ingila, wanda ta sa wa suna Hobart, kuɗi suka gaza, sai Ingila ta yarda ta karɓi Albatross a matsayin wani ɓangare na kuɗin. Ma'aikatan da suka tuƙa shi zuwa Ingila su suka dawo gida da Hobart. Ingila ba don tana buƙatarsa ta karɓa ba. Tana da jirage masu bene, kuma kusan kowane babban jirgin yaƙinta yana ɗauke da Walrus nasa da majaujawarsa.

Sai yaƙi ya ɓarke a watan Satumba 1939, lissafi ya canja. Cikin makonnin farko jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da Courageous, ɗaya daga cikin manyan masu benen, a watan Yuni 1940 kuma aka rasa ɗan'uwansa Glorious a tekun Nowe. Waɗanda suka rage ba za a ɓata su a gadin 'yan kasuwa a Afirka ta Yamma ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Tun a watan Satumba 1939 aka tura Albatross Firitawun, babban birnin Saliyo, da rukunin jiragen Walrus mai lamba 710.

Wanda ya san yadda fatake ke tafiya a da zai gane matsayin Firitawun ba tare da dogon bayani ba. Zango ce. Tashar ruwanta tana da faɗi da zurfin da za ta ɗauki jirage da yawa a lokaci guda, saboda haka a nan jiragen kasuwa daga Kudancin Amurka, da Afirka ta Kudu, da Indiya, da gaɓar Afirka ta Yamma suke haɗuwa su jira juna, a haɗa ayari, a ba su 'yan rakiya, su nufi Libaful ta Ingila. Tun Satumba 1939 aka fara wannan tsari. Gyaɗar da aka loda a jirgin ƙasa a Kano, da kuzar Jos, da manjan kudu, in sun bar Legas ta wannan hanya suke bi. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940 tekun Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa, sai ayarin sojoji masu zuwa Masar su ma suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka, suna yada zango a Firitawun su sha mai da ruwa. Ta wannan gaɓa kuma ake kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri su ratsa Cadi da Sudan zuwa Alkahira. Duk wannan zirga-zirga tana wucewa ta ƙofar Saliyo, ga kuma Dakar da Konakiri a arewa a hannun Faransawan Vichy, masu ɗasawa da Jamus.

Aikin Albatross a nan bai da ƙawa. Yawanci a girke yake cikin tasha, ya zama filin jirgin sama mai iyo. Jiragensa ke fita sintiri, su duba hanyar shiga tasha, su raka ayari in zai fita ko zai shigo, su nemo mutanen da aka nutsar wa jirgi.

Yana da kyau a ga yadda fita ɗaya take. Walrus jirgi ne mai fukafukai hawa biyu, inji ɗaya a maƙale tsakaninsu, farfelarsa tana fuskantar baya, tana tura shi maimakon ta ja shi. Mutum uku ko huɗu ke ciki. Gudunsa in ya ƙure bai fi kilomita 215 a awa ba. A ɗaki fukafukansa a naɗe suke. Za a turo shi ƙarƙashin ƙofar sama, ƙugiya ta ɗaga shi, a buɗe fukafukan a ɗaure, a sauke shi kan ruwa, ya yi ta gudu yana feshi har ya ɗaga. Dawowa ta fi wuya. Bayan ya sauka zai lallaɓo gefen uwar da injinsa a kunne, sai mutum ɗaya daga cikinsu ya fito ya hau saman fiffiken sama, farfela na juyawa 'yan taku kaɗan daga ƙafarsa, ruwa na jijjiga jirgin, ya miƙa hannu ya cafko ƙugiyar da ke lilo ya maƙala ta. Kuskure kaɗan, ko dai ƙugiyar ta fasa fiffike ko mutum ya faɗa. Haka ake yi kullum, a garin da ruwan samansa ya wuce milimita 3,000 a shekara, inda zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da Turawa jere-jere, in hunturu ya zo kuma hazon nan da muka sani ya sauko har teku ya rufe wa matuƙi ido. A ciki kuwa makanikai na fama da tsatsa, don gishiri da laima ba sa barin ƙarfe ya huta.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A nan ne lissafin ke da sarƙaƙiya. In da yawan jiragen abokan gaba da aka nutsar za a auna, babu abin nunawa. Amma jirgin ƙarƙashin ruwa na wancan zamani yawancin tafiyarsa a saman ruwa yake yi, da injin dizal, yana gudun da ya fi na jiragen kasuwa. In ya nutse sai ya koma kan batir, gudunsa ya ragu ƙwarai, kuma ba ya daɗewa. Saboda haka da ya hango jirgin sama, ko wane iri ne, dole ya nutse, in ya nutse kuwa ayari ya wuce ya bar shi. Kamar kare ne a bakin garke: ba sai ya kashe kura ba, haushinsa ma aiki ne. Irin wannan amfani ba ya shiga littafin ƙidaya, tun da ba a rubuta jirgin da ba a nutsar ba.

Iyakarsa kuma a fili take. Walrus ba ya nisa, Jamusawa kuwa ba wawaye ba ne, sai suka koma farauta can inda ba ya kaiwa, musamman kan jiragen da ke tafiya su kaɗai. A 1941 jirgin ƙarƙashin ruwa mai lamba U-107, ƙarƙashin Günter Hessler, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya, yawancinsu a tekun da ke wajen Firitawun. Babu fitar da ta kai wannan ɓarna a duk yaƙin. Maganin abin sai da manyan jirage masu dogon zango, kuma a watan Maris 1941 rundunar sojan saman Ingila ta fara kawo Sunderland masu inji huɗu Saliyo, ana kuma ta share filayen sauka a tudu. A ganina abin da Albatross ya yi shi ne toshe ƙofa na shekara biyu da wani abu, kafin masu ƙofar su iso.

A watan Mayu 1942 aka mayar da shi tekun Indiya, ya koma ƙarƙashin rundunar da ke Kilindini, tashar Mombasa ta ƙasar Kenya. Tsoron da ake yi lokacin shi ne kada Faransawan Vichy su bar Japan ta kafa sansani a Madagaska ta datse hanyar Masar da Indiya, kuma ba tsoron banza ba ne, don a ƙarshen watan nan ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa na Japan sun shiga tashar Diego Suarez ta Madagaska sun illata babban jirgin yaƙi Ramillies. Jiragen Albatross sun taimaka da leƙen asiri ta sama wajen kama tsibirin Mayotte da sauran yaƙin Madagaska a wannan shekara. Nan ne kawai ya yi aiki mai kama da wanda aka yi masa mafarki a 1925, wato tsibirai da lungunan ruwa inda babu filin sauka. Ya ci gaba da gadin hanya har tsakiyar 1943, sannan ya koma Ingila aka sallami ma'aikatansa.

Zuwa lokacin zamanin uwar jirage irin tasa ya wuce a rundunar Ingila. An gano dabarar ɗaukar jirgin kasuwa a shimfiɗa masa bene ya zama ƙaramin mai dakon jirage, Amurka kuma tana fitar da irinsu da yawa. Injiniyoyin soja sun iya share daji su shimfiɗa filin sauka cikin makonni. Jirage masu tashi daga tudu sun yi dogon zangon da suke rufe tsakiyar teku. Na'urar rada ta karɓe rabin aikin leƙe, har manyan jiragen yaƙi suka fara cire majaujawarsu suna sauke Walrus ɗinsu. Amurka ce ta riƙe nata iyayen jiragen, saboda faɗin tekun Fasifik, har zuwa yaƙin Biyetnam.

Da a ce bindiga da gudu ne dukiyar Albatross, da nan labarinsa ya tsaya. Sai masu shirin ƙwato Faransa daga hannun Jamus suka dube shi da wani ido. Za a tsallaka da dubban ƙananan jiragen sauke sojoji, masu shafaffen gindi da ƙofa a gaba, waɗanda aikinsu shi ne su hau kan yashi da gangan. Irin wannan aiki yana cin farfela, yana lanƙwasa abin juya jirgi, yana huda gindi, ga kuma ƙarafa da nakiyoyin da Jamusawa suka dasa a bakin ruwa. In duk wanda ya lalace sai an ja shi zuwa Ingila, rabinsu za su nutse a hanya. Ana buƙatar gareji a wurin. Ga kuwa wani tsohon jirgi mai manyan ɗakuna uku wayam, da ƙugiyoyi masu ɗaga abu daga ruwa, da wurin kwanan makanikai. Daga Oktoba 1943 zuwa farkon 1944 aka fitar da kayan jiragen sama aka cika cikin da injinan gyara da na walda.

Ranar 8 ga Yuni 1944, kwana biyu bayan saukar farko ta sojojin Birtaniya da ƙawayenta a Nomandi da ke arewacin Faransa, ya isa gaɓar da aka yi wa laƙabi da Sword, kusa da Ouistreham. A can an jera tsofaffin jirage an nutsar da su da gangan don su zama katangar tare igiyar ruwa, ciki har da tsohon jirgin yaƙin Faransa Courbet. A bayan wannan katanga ya tsaya. Sword ita ce gaɓar da ke can ƙarshen gabas, mafi kusa da manyan bindigogin Jamus da ke hayin kogin Orne, saboda haka ana aiki ana ruwan harsashi, shi ma yana mayar da martani da nasa bindigogin. Ranar 19 ga wata kuma guguwa ta taso ta yi kwana uku tana dukan gaɓar, ta farfasa tashar wucin gadi da Amurkawa suka kafa a gaɓar Omaha, ta watsa ɗaruruwan ƙananan jirage kan yashi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakin hanya ranar da motoci suka yi karo da yawa ya san yanayin: wannan na kira, wancan na kira, mai walda bai ɗaga kai ba an turo wata. Bambancin kawai a nan garejin yana lilo, abin gyaran ma yana lilo, kuma ana harbi. Abin da aka rubuta na aikinsa a Sword shi ne ya ceci jirage 79 da da sun salwanta gaba ɗaya, ya kuma gyara wasu 132 suka koma aiki. Cikin 'yan makonni ke nan. A lokacin da kowane ƙaramin jirgi yake nufin ƙarin tanka ko motar harsashi a tudu, ina ganin waɗannan makonni sun fi duk shekarunsa na ɗaukar jiragen sama nauyi a ma'auni. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bayan ɗan hutu a Fotsmut ta Ingila aka mayar da shi gaɓar Juno, a can Nomandi. Jamusawa a lokacin sun koma kai hare-haren dare kan jiragen da ke girke, da ƙananan makamai iri-iri masu tafiya a ruwa. Ranar 11 ga Agusta, a wajen Courseulles, makamin topido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa, ya same shi. Mutum 66 suka mutu. Jirgin bai nutse ba, wani jirgin ja na ƙasar Holan mai suna Zwarte Zee ya ja shi zuwa Ingila. Gyaransa ya kai farkon 1945, ya ɗan yi zaman masauki ga jiragen share nakiya, aka jingine shi a watan Agusta.

Sauran labarin na 'yan kasuwa ne. An sayar da shi a 1946. Aka so mayar da shi jirgin shaƙatawa na masu kuɗi, kuɗin gyara ya gagara. Aka ce to a girke shi a garin Torquay ya zama gidan rawa a kan ruwa, wannan ma bai yiwu ba. Wani kamfanin Girkawa da Ingilishi ya saye shi ranar 14 ga Nuwamba 1948, ranar da aka haifi Yarima Charles, sarkin Ingila na yanzu, wanda mahaifinsa ɗan gidan sarautar Girka ne, shi ya sa aka raɗa masa Hellenic Prince, wato yariman Girka. Cikin nan dai aka sake dubawa: inda aka ajiye jiragen sama, aka kafa injinan walda, yanzu aka mayar wurin kwanan mutane. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta duniya ta ɗauke shi haya, shi ne ya koma Sidni da mutanen da yaƙi ya tarwatsa.

Aikinsa na ƙarshe da aka sani bai yi mini daɗi ba. A 1953 an yi hayarsa ya kai sojojin Birtaniya Kenya don murƙushe 'yan Mau Mau, mutanen da ke neman ƙasar nomansu da aka ƙwace, a ƙasar da ya taɓa zama a tasharta yana gadin teku shekara 11 kafin nan. A watan Agusta 1954 ya isa Hong Kong, 'yan gwangwan suka yanyanka shi.

Sunan Albatross kuwa tun 1948 rundunar ruwan Ostireliya ta ba wani sansaninta na jiragen sama da ke Nowra, kudu da Sidni. Filin sauka ne a kan tudu, da kwalta, kuma jirage masu saukar ungulu ne ke tashi daga can a yau.